Fararen Riguna a Ƙasar Auduga

Mai karatu, ka ɗauka kai ne. Ka bar garinku da danginka, ka ƙetare teku, ka shekara goma da ɗoriya kana gina wuri a ƙasar da ba ka san kowa ba. Ka tara jama'a, ka buɗe makaranta, har ka fara jin wahala ta biya. Sai cikin wata biyar kacal jama'ar nan ta watse. An kashe wasu, sauran sun cika jirgin ƙasa da abin da hannu zai iya ɗauka, sun yi kudu. Kafin shekarar ta fita, shugabanka ma ya kwanta dama. Hanyar komawa gida a buɗe take, kuma ba mai ganin laifinka. To, ɗaure kaya za ka yi ko zama?

Ba tatsuniya nake maka ba. A ƙasarmu abin ya faru, a 1966, tsakanin Gusau da Funtua da Malumfashi. Waɗanda tambayar ta faɗo wa kuwa wasu limaman ɗarikar Katolika ne masu doguwar farar riga, ana ce da su 'yan Dominikan. Amsar da suka bayar sai da ta shekara 57 kafin jama'a su ga abin da ta haifa.

Bari tukuna in gaya maka ko su wane ne. Wani mutumin Sifaniya mai suna Dominik ne ya kafa zumuntarsu, Fafaroma ya amince da ita a 1216. Wanda ya shiga, ba shi ba aure, ba shi ba tara abin kansa, kuma inda aka tura shi nan zai tafi. Aikinsu karatu da wa'azi. Suna kuma da tsohon tarihi na faɗa wa manya abin da ba sa son ji. A watan Disamba na 1511, a tsibirin Hispaniola da ke tekun Karibiyan, ɗayansu, Antonio de Montesinos, ya hau mumbari a gaban Turawan Sifaniya da suka mai da 'yan asalin tsibirin bayi a gonaki da ramukan zinariya. Ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa muddin suna wannan zalunci, suna cikin zunubi mai halakarwa. Gwamna Diego Columbus, ɗan Columbus ɗin nan da ka sani, ya taka har gidansu ya nemi a janye maganar. Babban gidan ya nuna masa cewa wa'azin na dukansu ne, Montesinos baki kawai ya ara musu. Lahadi ta zagayo, manyan gari suka cika coci don su ji ban haƙuri. Mutumin ya hau, ya maimaita, ya ɗora da wanda ya fi na farko zafi. Magadan wannan gida ne suka sauka Najeriya bayan shekara 440.

A 1951 uku daga cikinsu suka taso daga Chicago ta Amurka suka zauna a Yaba, cikin Legas. A 1953 aka danƙa wa zumuntar sabon yanki a Arewa, lardin Sakkwato da lardin Katsina baki ɗaya, daga baya aka ɗora Fada Edward Lawton a kansa. Gusau ce ta zama mazauninsu na farko a can. A 1956 sistocin zumuntar suka biyo baya daga garin Great Bend na jihar Kansas, suka kama aikin magani da karɓar haihuwa a Gusau. Zuwa 1964 Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis, Lawton ya zama bishof. A takarda komai na tafiya daidai. Amma su wa ke cikin cocin?

Nan gizo ke saƙar. Tun ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya ratsa Funtua ya kai Gusau, don kwasar auduga da gyaɗa. Tare da jirgin ne akawu da ma'aikatan reluwe da makanikai da 'yan tireda suka zo daga kudu, yawancinsu Ibo, da yawansu kuma 'yan Katolika tun daga gida. Su suka cika bencina, su suka tara kuɗin gini, 'ya'yansu suka cika ajujuwa. Fada na iya shekara da shekaru a Funtua yana aiki ba dare ba rana, bai buƙaci Hausar da ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Gaskiya ne Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan a ƙasashen sarakuna, saboda alkawarin da suka yi na ƙin taɓa addinin jama'a. Amma ni a ganina har da halin ɗan Adam a ciki: inda aiki ya zo maka da sauƙi, can ƙafarka ke yawan zuwa. Manomin da ke noma audugar da ta kawo jirgin yana nan mil kaɗan daga tasha, ba a cika tambayar yadda ya kwana ba.

Sai 1966 ta shigo da jini. Ranar 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ranar 24 ga Mayu Janar Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, wadda ta rushe tsarin gwamnatocin yankuna. Kwana biyar bayan haka tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, Funtua da Gusau na cikin waɗanda abin ya yi wa muni. A watan Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, a ƙarshen Satumba kuma kisan 'yan kudu ya dawo fiye da na farko. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma. An kuma sami Hausawa, daga sarakuna har talakawa, da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gida, suna sane da abin da zai iya biyo baya. Duk da haka mutane suka tafi, dubbai bisa dubbai. Majami'u suka koma kusan kango, makarantu ba malamai. A watan Disamba Bishof Lawton ya rasu.

Yanzu fa, mai karatu, na dawo maka da tambayar. Waɗanda ka zo dominsu sun tafi. Ƙasar ta doshi yaƙin basasa. A Chicago akwai coci cike da mutane, akwai asibiti mai kyau, akwai uwa da ke jiran ɗanta. Me zai zaunar da kai?

Zumuntar ta zauna. A 1967 aka naɗa Michael Dempsey, ɗaya daga cikin ukun farko da suka sauka Legas, ya gaji kujerar, ya riƙe ta har 1984. Kuma rashin da suka yi ya tilasta musu ɗaga kai su dubi wanda ke gefensu tun da can. Ba wai sai a lokacin suka san hanyar Malumfashi ba, an ɗan fara leƙa ƙauyukan kafin rikicin. Amma yanzu abin da ke gefe ya dawo tsakiya. A karkarar Malumfashi da Ƙafur akwai Maguzawa, Hausawa tsantsa, manoman gaske, masu manyan gidajen gandu da ake kira da sunan mai gida: Gidan wane, Gidan wane. A waɗannan shekaru da yawansu sun karɓi Musulunci, musamman bayan rangadin Sardauna. Wasu sun bi mishan ɗin SIM da ta riga zuwa. Wasu suka buɗe wa masu farar riga ƙofa. Lokacin ma ya taimaka, domin babban taron Vatican da aka kammala a 1965 ya ba da damar yin sujada da harshen jama'a maimakon Latin, ya kuma umarci 'yan Katolika su riƙa duban Musulmi da idon mutunci. Fada ya koma ɗalibi, yana koyon Hausa a bakin manoma.

Abin da suka kafa a Malumfashi da ya fi komai tasiri shi ne makarantar horar da katikis, wato malamin ƙauye mai koyar da addini inda Fada ba ya samun zuwa sai jefi-jefi. Kada ka raina wannan malami. Manomi ne kamar kowa, da kekensa da fartanyarsa. Da yamma, bayan an taso daga gona, yakan jingina baƙin allo a gindin bishiya, yara a gaba, magidanta a baya suna ɗan jin kunya, ana bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ka san ma'anar wannan a ƙasar auduga? Mutum ya yi shara, ya yi huɗa, ya yi noma har sau uku, iyalinsa sun sha rana wajen tsinka, ya ɗora buhuna a jaki ya kai gaban sikeli. Idan bai iya karatu ba, abin da mai awo ya faɗa shi ke nan, ya karɓa ya yi godiya. Ran da ya iya duba lambar da idonsa, ya iya karanta takardar haraji da ta gona, ran nan cutarsa ta yi wuya. Masu manyan littattafai na kiran wannan adalci a zaman jama'a. Manomi kuwa cewa zai yi idonsa ya buɗe.

Sistoci su ma suka faɗaɗa aikinsu har Malumfashi. A ƙofar ɗakin shan magani ba a tambayar mace salla take yi ko coci take zuwa kafin a duba ta, kuma a yankin da Musulmi suka fi yawa, kai ma ka san su wa suka fi cika layin. Daga 1973 suka fara karɓar 'yan matan Najeriya cikin zumuntar. Yau 'yan ƙasa ne ke riƙe da ita, cibiyarsu na Gusau.

Akwai wani daga cikinsu da ba zan wuce ban tsaya a kansa ba, Fada Joseph Kenny. Ya zo Najeriya a 1964, ya ga abin da ya faru, ya kuma fahimci cewa ba a zaman lafiya da maƙwabcin da ba ka san abin da ke cikin littafinsa ba. Sai ya tafi ya koyi Larabci a Roma da Tunisiya, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Edinburgh a 1970. A kan wa? A kan tauhidin Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, littafin da ɗalibai ke ɗauka a zaurukanmu. Bai tsaya nan ba. Ya zauna ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zuwa Turanci, babi bayan babi, daga tsarki har rabon gado. Wa kake tsammani ya buga ta? Cibiyar Islamic Education Trust ta Minna, wadda Shehu Ahmad Lemu da mai ɗakinsa Hajiya Aisha Lemu suka kafa tare da abokan aikinsu, ita ta fitar da ita a 1992. Ya shekara fiye da 20 yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, 'yan'uwansa na zumunta suna kiransa Alhaji, har ya rasu a 2013.

Na san wani zai ce ai da manufa ya yi. Limamin coci ne, bai taɓa ɓoye wannan ba, bai kuma bar addininsa ba. Amma ka tambayi kanka: mu nawa ne, a kowane ɓangare, muka taɓa ba da shekara ko ɗaya ta rayuwarmu don mu san abin da maƙwabci ya yi imani da shi daga tushensa, ba daga bakin masu zaginsa ba? Wanda ya yi haka, da wuya a zo masa da ƙarya a kan maƙwabcin nan ya hau kai ya zauna.

Zaman bai zo da sauƙi ba. A Maris na 1987 wutar da ta tashi a Kafanchan ta iso Funtua, aka ƙona majami'u. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka sake, a daidai lokacin da ake kashe Musulmi a Zonkwa da kewayenta. Kowane karo an share toka an sake ɗora kwano. Amma a wannan karon Hausawan da ke cikin cocin ba su hau jirgi sun yi kudu ba. Ina za su? Nan aka binne cibiyarsu.

Ga abin da na ce ka jira. Ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta. Wanda ya naɗa bishof na farko shi ne Gerald Mamman Musa, haifaffen 1971, ɗan ƙasar Malumfashi, kuma ɗan katikis. Ya zama Fada a 1996, ya yi karatu mai zurfi a fannin sadarwa har Ostareliya, ya koyar a Fatakwal. A watan Disamba na 2023 aka keɓe shi, ya zama Bahaushe na farko da ya riƙe sandar bishof a ɗarikar Katolika. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa yana da dangi Musulmi, kamar yadda yake a gidaje da yawa na yankin, inda za ka ga wa na zuwa masallaci ƙane na zuwa coci, ranar suna kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Babban cocinsa a Katsina na ɗauke da sunan Martin de Porres, wani ɗan Dominikan na birnin Lima a Peru da ya rasu a 1639. Uwarsa baƙar fata ce 'yantacciya, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana shara da jinyar marasa lafiya, kuma shi 'yan Katolika ke ɗauka a matsayin waliyyin masu neman adalci a zaman jama'a.

Da a ce labarin nan ƙagagge ne, da a nan zan ajiye alƙalami. Amma wace irin ƙasa aka miƙa wa sabon bishof ɗin?

Ƙasa ce da manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A daren 20 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka faɗa gidan limaman cocin Vincent Ferrer a Malumfashi, gidan da 'yan Dominikan suka kafa suka bar wa 'yan ƙasa. Suka tafi da Fada Joe Keke, dattijon da ya kai shekara 70. Da gari ya waye aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello, matashi da aka aro daga Kaduna don ya taimaka, a cikin gona bayan makarantar katikis ɗin nan. Fada Keke sai da ya yi kusan mako biyu a hannunsu. Kuma kada wani ya ce maka bala'in na masu addini ɗaya ne. A Agustan 2025, a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, masallaci aka faɗa wa ana sallar asuba, aka kashe mutane gommai.

Shekara guda bayan kisan Fada Bello, ranar 25 ga Mayu 2022, cikin dare, aka fasa gidan limaman cocin Patrick a Gidan Maikambo, ƙasar Ƙafur. Aka tafi da mutum huɗu: Fada Stephen Ojapah, da mataimakinsa Fada Oliver Okpara, da wasu baƙi biyu da suka kwana a gidan. Ojapah ba ɗan Dominikan ba ne. Ɗan wata zumunta ce ta 'yan mishan ɗin Bulus, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a nan Najeriya a 1977. Sai dai ka ji aikinsa: shi ne jami'in dayosis ɗin Sakkwato mai kula da tattaunawa tsakanin addinai. Mutumin da ke yawo yana haɗa limamai da fastoci a tabarma ɗaya, shi aka tasa a gaba zuwa daji.

Yanzu ka zauna a kujerar Bishof Matthew Hassan Kukah, wanda yankin ke hannunsa a lokacin. Waya na ƙara, ana faɗin kuɗi. Wata guda kafin nan Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Ka san duk nairar da ka miƙa harsashi za ta saya, kuma a kan wani manomi za a harba shi. Ka kuma san abin da ke samun wanda ba a biya masa ba. Za ka biya? Kukah daga baya ya faɗa a bainar jama'a cewa ya kashe kimanin naira miliyan 30 wajen karɓo limamansa, bai kuma faɗe shi da alfahari ba. Ban ga laifinsa ba, kamar yadda ban ga laifin magidancin da ya sayar da shanun huɗa da gonar gado don ya karɓo 'yarsa ba. Laifin na wuyan waɗanda aka ba amanar tsaro suka bar mutane da wannan zaɓi.

Bayan kwana 33 aka sako su huɗun da rai. To, mai karatu, da kai ne Ojapah fa? Zumuntarsa na da gidaje a Amurka da Turai da ƙasashen Afirka da dama. Yana iya neman a tura shi can, ya rufe bakinsa, ya yi ƙoƙarin mantawa. Yana kuma iya fitowa da zuciya cike da ƙiyayya, ya ce maganar zaman tare da ya sha yi duk ta tashi a banza, kuma da ya sami masu tafa masa.

Abin da ya lura da shi daban ne. A ƙasarmu idan aka sako mutum, sai a taru a yi masa barka da arziki kwana biyu, a ce ya gode wa Allah, kowa ya kama gabansa. Ba mai tambayar yadda yake kwana. Ga wanda ƙarar babur ke sa shi zabura, ga wanda ba ya iya barci sai da fitila, ga matar da ta dawo mijinta ya ƙi haɗa ido da ita, ga gidan da bashin fansa ya durƙusar. Ojapah ya ɗanɗana, ya san ciwon ba ya ƙarewa a bakin daji. Sai ya rubuta abin da ya same su cikin littafi, ya kuma kafa ƙungiya mai suna O-Trauma Victims Initiative, wadda ke tattaro waɗanda suka fito daga hannun masu garkuwa, a saurare su, a haɗa su da masu ba da shawara kan ciwon zuciya da firgici, a taimaka musu su koma cikin mutane. Cikin waɗanda ya fara aikin da su har da mutanen da aka tsare su tare a dajin.